Shehu Rifa'a Aɗ-Ɗahɗawi, limamin da ya je Faransa ya komo da littafi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bana mu ɗaliban ajin ƙarshe muka zaɓi mu kawo wa iyayenmu da ƙannenmu tarihin wani malamin Azhar, Shehu Rifa'a Aɗ-Ɗahɗawi. Dalilinmu kuwa shi ne gardamar da ba ta ƙarewa a zauruka da majalisun shayi: shin ya dace mai karatun Alƙur'ani da fiƙihu ya ɓata lokacinsa wajen sanin kogunan Turai da sarakunansu da harshensu? Wannan bawan Allah ya sha wannan tambayar kusan shekara 200 da suka wuce.

An haife shi a 1801 a garin Ɗahɗa, can kudancin Masar a bakin kogin Nilu. A shekarar ce kuma sojojin Faransa suka fice daga Masar bayan mamayar shekara uku da Nafoliyon ya jawo. Gidansu gidan sharifai ne, suna da asali, amma hannu ya bushe, domin Muhammadu Ali Basha, mai mulkin Masar, ya karɓe hurumin gonakin da irin waɗannan gidaje ke ci da shi. Mahaifinsa ya yi ta ƙaura da iyali daga wannan ƙauye zuwa wancan. Cikin wannan hali yaro ya haddace Alƙur'ani. Da mahaifin ya rasu sai ya koma hannun kawunnansa, waɗanda malamai ne, ya ɗauki matanoni a wurinsu kamar yadda muke ɗauka a nan. A 1817, yana ɗan shekara 16, ya shiga jirgin ruwa ya bi Nilu zuwa Alƙahira, ya zauna a Azhar.

A can ya haɗu da malamin da ya juya masa rayuwa, Shehu Hasanul Aɗɗar. Shi wannan malami ya yi hulɗa da masanan da Faransawa suka zo da su, ya ga littattafansu da kayan awonsu, ya kuma yi tafiye-tafiye a Sham da ƙasar Turkawa. A gidansa yakan karantar da manyan almajiransa tarihi da labarin ƙasa da adabi, fannonin da ba a cika zama a kansu ba a zaurukan Azhar na wancan zamani. Rifa'a ya kammala, ya ɗan koyar, sannan neman abin sakawa a bakin salati ya kai shi limancin wata rundunar soja a 1824.

A 1826 Muhammadu Ali ya shirya tura samari wajen 40 zuwa Faransa su koyo aikin soja da injiniya da likitanci da sha'anin mulki. Aka ce a nemo limamin da zai riƙa ba su salla yana yi musu wa'azi, kada su lalace a ƙasar da ba ta Musulmi ba. Shehu Aɗɗar ya ba da sunan almajirinsa, ya kuma yi masa wasiyya ya rubuta duk abin da ya gani. Wato shi ba a tura shi karatu ba, rakiya aka tura shi. Amma kash, cikin ayarin nan duka yau sunan ɗan rakiyar aka fi sani.

Sun tashi daga Iskandariya, suka yi fiye da wata guda a teku kafin su sauka Marsiliya. Nan aka killace su kwana 18 don gudun annoba. Malam bai tsaya gunaguni ba, sai ya ɗauki abin a matsayin mas'ala ta fiƙihu, ya kawo saɓanin da wasu malaman Tunis biyu suka yi: ɗaya yana ganin killacewa gudun ƙaddara ce, ɗayan yana ganin halal ce, har ma wajibi. A nan kuma ya fara koyon baƙaƙen Faransanci. Ya lura da yadda ake cin abinci a kan tebur, kowa da kujerarsa da farantinsa da kofinsa, da wuƙa da cokali mai yatsu, ba mai sa hannu a akushin wani. Ran da ya fara shiga gidan shan gahawa ya zaci wurin ba shi da iyaka, cike da jama'a, sai da ya hango kansa da rawaninsa sannan ya gane madubai ne aka jera a bango. Mun yi dariya da muka zo nan, amma abin lura shi ne bai ji kunyar rubuta shi ba.

Shekara biyar ya yi a birnin Faris. Mai kula da ayarin, wani masanin labarin ƙasa mai suna Jomar, ya ga ƙwazonsa, sai aka sa shi cikin ɗalibai aka ware shi ga fannin fassara. Daga ɗan kuɗin da ake ba shi yake sayen littattafai, har ya ɗauki malami na daban yana biyansa. Karatun dare ya taɓa masa ido, likita ya ce ya dakata, ya ƙi. Ya karanta tarihin Girkawa da Rumawa, da labarin ƙasa, da lissafi, da littattafan Bolter da Ruso da Monteskiyo. Bai damu ƙwarai da gyara lafazinsa ba, abin da ya sa a gaba shi ne ya fahimci abin da ke rubuce ya mayar da shi Larabci. Lokacin jarrabawarsa ta ƙarshe a 1830 ya gabatar da fassarori 12, wasu littattafai cikakku, wasu yankuna.

Littafin da ya rubuta kan wannan zama shi ne Takhlisul Ibriz fi Talkhisi Bariz, ma'ana tace zinariya wajen taƙaita labarin Faris. An buga shi a maɗaba'ar Bulak a 1834, daga baya Basha ya sa aka fassara shi da Turkanci aka rarraba wa ma'aikata. Ya buɗe shi da darasin labarin ƙasa: nahiyoyin duniya, ƙasashen Turai da manyan biranensu, da inda Faris take a taswira. Ya gwada kogin Sen da Nilu, ya ce ruwan Nilu ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Ya yi bayanin sanyi da hazo, asibitoci, jaridu, gidajen wasan kwaikwayo, da ɗakunan karatu inda ya tarar da littattafan Larabci har da Mus'hafai a ajiye.

Abu biyu a ciki sun fi tsaya mana a rai. Na farko, ya lura cewa a Faransa in an ce wane masani ne, ba lalle malamin addini ake nufi ba, yana iya zama masanin taurari ko tsirrai ko magani. Na biyu, ya ce littattafan ilminsu a sarari ake rubuta su, mai karatu ba ya tsayawa warware lafazi, kai tsaye yake shiga ma'ana. Duk wanda ya taɓa zama da matani guda da sharhinsa da hashiyar sharhin, ya kwana uku a kan layi ɗaya, ya san abin da malam yake nufi. Ba wai ya rena hanyar Azhar ba ne, ai ita ta ba shi kaifin da ya gane wannan bambancin. Yana dai ganin littafin hisabi ko na magani bai kamata a ƙulle shi kamar kacici-kacici ba.

Yana can kuma aka yi juyin 1830. Sarki Sharl na 10 ya fitar da dokokin toshe bakin jaridu da rushe majalisa. Mutanen Faris suka fito kwana uku, 27 da 28 da 29 ga Yuli, suka tare tituna da duwatsu, sarki ya sauka ya gudu Ingila, aka ɗora Luwi Filif. Rifa'a ya ba da labarin dalla-dalla, ya kuma fassara kundin tsarin mulkin Faransa sashe-sashe, inda aka ce talaka da basarake ɗaya suke a gaban shari'a, kuma ba a ɗora haraji sai da yardar majalisa. Ya bayyana wa masu karatunsa cewa abin da Faransawa ke kira ƴanci shi ne kusan abin da mu muke kira adalci da insafi. A tuna fa, mutumin da ke biyan albashinsa sarki ne mai cikakken iko wanda ba a yi masa musu. Sa irin wannan magana a littafi a wancan lokaci ba ƙaramar ƙarfin zuciya ba ce.

Bai haɗiye komai ba. Ya soki rowar mutanen Faris, ya ce kyauta ta Larabawa ce. Bai ji daɗin sakacin maza kan iyalinsu ba. Ya ƙi ra'ayin masanansu masu cewa hankali kaɗai ya isa, ba a bukatar wahayi, ya kuma gargaɗi wanda bai ƙoshi da Alƙur'ani da Sunna ba da kada ya kutsa cikin littattafan falsafarsu. Sai dai a namu ganin akwai inda idonsa bai kai ba. A watan nan na Yuli da ake kirarin ƴanci a Faris, a cikinsa sojojin Faransa suka kama birnin Aljiyas. Ya ambaci abin, amma bai ɗauke shi da nauyin da ya kamata ba. Mu da kakanninmu suka ga shigar Faransawa Damagaram a 1899 mun san ƴancin nan bai ƙetaro teku tare da su ba. Masar ɗin ma Ingilishi sun mamaye ta a 1882, shekara tara bayan rasuwarsa.

Ya komo gida a 1831. Ya yi aikin fassara a makarantar likitanci, sannan a ta ƴan igwa, kafin a buɗe Makarantar Harsuna a 1835 a ba shi shugabancinta. Wannan shi ne babban aikinsa. Ya ɗebo yara daga larduna, ya haɗa musu nahawu da fiƙihu da Faransanci da tarihi da labarin ƙasa a aji guda, kusan irin tsarin da muke kira Faranko-Arab. Shi da kansa ya fassara sassa na babban littafin labarin ƙasa na Malte-Burun. Almajiransa suka fassara tarihin Sharl na 12 sarkin Suwidin, da na Bitrus Babba sarkin Rasha, da na Sharl na 5 wanda ya mulki Sifen da Jamus. Ta nan mai karatun Larabci ya fara samun tarihin Turai a harshensa. Wahalar ba kaɗan ba ce, don kalmomi da yawa babu su a Larabci, sai an tono tsohuwa an ba ta sabuwar ma'ana ko an ƙera wata. Makarantar tana nan har yau, ta zama tsangaya a jami'ar Ainu Shams.

Da Abbas ya hau mulki sai iska ta juya. Aka rufe makarantar, a 1850 aka tura malam Hartum wai ya buɗe makarantar firamare, alhali kowa ya san kora ce. Shekara huɗu ya yi a can, wasu abokan aikinsa suka mutu da zazzaɓi. Ya yi ta kuka da zaman, har ya faɗi maganganu marasa daɗi kan ƙasar da baƙaƙen mutanenta. Wannan bai yi mana daɗi ba, kuma ba za mu ɓoye shi ba: wanda ya yi wa Faransawa adalci haka, ya kamata ya yi wa maƙwabtansa Musulmi fiye. A can ne dai ya fassara labarin Telemak na Fenelon, littafin da ke cike da nasiha ga sarakuna da zambo ga azzalumi. Ba sai an faɗa wa kowa da wa yake ba.

Abbas ya mutu a 1854, malam ya komo Alƙahira. A zamanin Isma'il aka sake buɗe ofishin fassara, ya jagoranci mayar da dokokin Faransa cikin Larabci. A 1870 ya riƙe mujallar ɗalibai mai suna Raudatul Madaris. Ya rubuta littafin tarbiyya, Al-Murshidul Amin lil Banati wal Banin, inda ya kafa hujja cewa a koya wa ƴaƴa mata karatu da rubutu da hisabi kamar maza, yana mai nuni da matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, irin su Nana A'isha da Nana Hafsa. A gidansa ma ya rubuta wa matarsa, ƴar kawunsa, takardar alkawari da hannunsa cewa ba zai yi mata kishiya ba muddin tana tare da shi.

Aikinsa na ƙarshe sirar Manzon Allah ce, Nihayatul Ijaz, wadda aka riƙa fitarwa kashi-kashi a mujallar ɗaliban. Ya rasu a Alƙahira a watan Mayu na 1873 yana da shekara 71, Allah ya jiƙansa ya gafarta masa kurakuransa. A wannan shekarar aka buɗe makarantar ƴan mata ta farko ta gwamnati a Masar.