Roy Clive Abraham: Mai Ƙamus na Harsuna da Yawa

Ya kai ɗalibi, idan ka taɓa neman ma'anar wata kalmar Hausa a tsohon ƙamus na ɗakin karatun makarantarku, mai yiwuwa hannunka ya taɓa aikin Roy Clive Abraham. Shi ma, kamar kai, ba da Hausa ya tashi ba. Koyonta ya yi da girmansa.

An haife shi a birnin Melbourne na ƙasar Ostireliya a shekarar 1890. Ya yi aikin soja, sannan ya karanci harsunan Gabas a Jami'ar Oxford da ke Ingila. A 1925 ya zo Arewacin Nijeriya a matsayin ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka, amma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne harsunan mutanen da ya tarar.

Ya taimaka wa G. P. Bargery wajen haɗa babban ƙamus na Hausa da Turanci wanda ya fito a 1934. A nan ne ya yi ta fama da matsalar karin sauti. Ka san cewa kalmar kuka tana iya nufin zubar da hawaye, tana kuma iya nufin bishiyar da ake miya da ganyenta. A rubuce iri ɗaya ce, amma a baki ta farko muryarka tana sama har ƙarshe, ta biyu kuwa sai ta sauko a gaɓar ƙarshe. Bargery ya kasa karin sautin Hausa kashi shida. Abraham, a littafinsa Principles of Hausa na wannan shekarar, ya nuna cewa uku sun isa: na sama, da na ƙasa, da mai faɗuwa. Wannan tsari nasa ne malaminka yake koya maka a yau. Ka yi tunanin wahalar da za ka sha da a ce shida za ka haddace!

A 1949 ya fitar da nasa ƙamus ɗin na Hausa, cike da misalan jimloli da karin magana, aka sake buga shi a 1962. Mutane sukan ce ƙamus ɗin Abraham kawai, amma ya kamata ka sani bugun farko yana ɗauke da sunan abokin aikinsa, Malam Mai Kano. A ganina ba a yi wa wannan malami adalci ba, domin ba a cika ambatonsa ba, alhali kuwa Bature ba ya tara irin wannan taska sai da ɗan gari.

Wataƙila harshenku na gida ma bai tsere masa ba. Ya wallafa ƙamus na Tibi a 1940, ya yi nazarin Idoma, sannan a 1958 ya fitar da Dictionary of Modern Yoruba, wanda masu nazarin Yarbanci ke komawa gare shi har yanzu. Bayan ya bar Nijeriya ya koyar da harshen Amharik na Habasha a Landan, ya kuma yi aiki a kan harshen Somaliya.

Igbo ne harshen da ya tasa a gaba a ƙarshen rayuwarsa. Ya tattara bayanai masu yawa, amma rai ya yi halinsa a 1963 kafin ya kammala. An wallafa littafinsa The Principles of Ibo a Ibadan a 1967, shekara huɗu bayan rasuwarsa.