Alhaji Abubakar Imam da Aikin Sa Kai a Jam'iyyar Mutanen Arewa

Gabatarwa

Da wuya a ambaci sunan marigayi Alhaji Abubakar Imam a gaban ɗalibin Hausa bai tuna da Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce ba. Sunan da ya yi a fagen adabi ya kai ga rufe wani sashe na rayuwarsa wanda ba a cika tattaunawa a kansa ba a azuzuwanmu, wato ɗawainiyar da ya yi tare da wasu 'yan boko na farko wajen kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Wannan ƙungiya ita ce daga baya ta rikiɗa ta zama jam'iyyar NPC, wadda masana tarihi ke lissafawa cikin jam'iyyu masu ra'ayin mazan jiya. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi rayuwar Imam ta wannan fuska, don mai karatu ya ga yadda 'yan sa kai suka gina ƙungiyar da guminsu, da dalilin da ya sa suka zaɓi tafiyar sannu, da kuma abin da zaɓin ya haifar.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, wanda ke cikin Jihar Neja a yau, a shekarar 1911. Gidansu gidan malamai ne da alƙalai, saboda haka ya buɗe ido da allo da littattafan addini kafin ya san boko. Yayansa, Malam Bello Kagara, mawallafin Ganɗoki, shi ne ya ja shi zuwa Katsina, inda ya yi karatun zamani har ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya gama a 1932. Daga nan ya kama aikin koyarwa a makarantar Midil ta Katsina.

Wajibi ne a lura da irin tarbiyyar da wannan kwaleji take bayarwa. Turawa sun buɗe ta ne don horar da malaman da za su koyar da 'ya'yan sarakuna da ma'aikatan En'e, kuma akasarin ɗalibanta daga gidajen sarauta da na malanta suka fito. Wanda ya tashi a gidan alƙali, sa'an nan ya ratsa wannan makaranta, ba abin mamaki ba ne ya ɗauki sarauta a matsayin gida wanda ake gyarawa in ya yi ɗarar ruwa, ba a rushe shi. Wannan fahimta ta bi Imam har ƙarshen rayuwarsa ta siyasa.

Daga Alli Zuwa Jarida

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai, Imam ya shiga da Ruwan Bagaja. Ganin gwanintarsa ya sa aka aro shi zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, shi aka ɗora a kan kujerar editan Hausa, ya kuwa riƙe ta shekara goma sha biyu.

Wannan kujera ita ce makarantarsa ta siyasa. Wasiƙun masu karatu suna zuwa masa daga lardunan Arewa, daga malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e, kowa da kukansa. Ta haka ya san sunayen masu ilmin boko da ke warwatse cikin garuruwa, ya san abin da ke cin ransu, su kuma suka san shi. Amma fa jaridar ta hukuma ce, kuma Turawa na duba abin da ake bugawa. Dole ya koyi faɗar gaskiya ta hanyar da mai mulki zai iya haɗiye ta. Mai karatu zai tuna cewa a Magana Jari Ce aku ne yake sarrafa masu mulki da labarai da lalama har ya kai ga zama waziri. Ana iya cewa dabarar da Imam ya ba akunsa ita ce shi ma ya riƙa aiki da ita a fili.

Tafiyar Ingila

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka gayyaci wasu editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila, ciki har da Imam da Dokta Nnamdi Azikiwe. A can Azikiwe ya shirya takarda mai neman a tsara lokacin ba da mulkin kai, ya nemi abokan tafiya su sa hannu. Imam ya ƙi. A ganinsa Arewa ba ta da isassun masu ilmin zamani da za su riƙe ma'aikatu, in kuwa aka gaggauta, to, mulki zai tashi ne daga hannun Bature ya faɗa hannun waɗanda suka riga ta shiga makaranta.

Sai dai ƙin sa hannun nan bai sa ya yi shiru ba. A wannan tafiya ya gana da Lugga, wanda ya ci ƙasar Hausa da yaƙi ya kuma shimfiɗa tsarin mulki ta hannun sarakuna, daga baya kuma ya rubuta masa wasiƙu yana bayyana illolin tsarin: ba a sauraron matasa masu ilmi, talaka ba shi da hanyar kai kuka, kuma zargi ya yi yawa tsakanin Turawa da sarakuna da 'yan boko. Labarin tafiyar shi ne ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. A nan siyasar Imam ta fito sarai: a yi gyara, amma ta ƙofar gida za a shiga, a yi sallama.

Kafa Ƙungiya

Cikin shekarun 1940 ƙananan ƙungiyoyin muhawara sun riƙa tsirowa a Arewa. A Bauci akwai wadda Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi zama a cikinta, a Sakkwato akwai ta matasa wadda Malam Shehu Shagari yake ciki, Zariya da Kano su ma ba a bar su a baya ba. A Kudu kuwa an riga an yi nisa, domin an kafa jam'iyyar NCNC tun 1944, Yarbawa kuma sun ƙaddamar da Egbe Omo Oduduwa a Ile-Ife a 1948. Tsarin mulkin Gwamna Richards ya haɗa wakilan Arewa da na Kudu a majalisa guda, sai ya zama dole Arewa ta sami bakin da za ta yi magana da shi.

A ƙarshen 1948 ƙungiyoyi biyu suka bayyana kusan lokaci ɗaya. Ɗaya a Kaduna, ƙarƙashin Malam D. A. Rafi, ɗaya kuma a Zariya, inda Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Abubakar Imam suke kan gaba. Da suka ga manufarsu ɗaya ce, sai suka haɗe suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa. A babban taron da aka yi a Kaduna cikin watan Yuni na 1949 aka zaɓi Dokta Dikko shugaba, Imam ma'aji, Malam Sa'adu Zungur mai ba da shawara kan shari'a, Malam Aminu Kano kuma cikin masu binciken kuɗi. Abokan gaba uku ƙungiyar ta ce za ta yaƙa: jahilci da lalaci da zalunci.

Ya kamata mu tsaya mu dubi waɗannan mutane. Kowanensu yana da aikin da yake ci da shi: wannan likita, wancan malamin makaranta, wancan akawu. Hidimar ƙungiya sai bayan an tashi daga aiki, kuma ba albashi a cikinta. Rubuta wasiƙu zuwa garuruwa, da lallashin abokai su buɗe reshe, da tattara 'yan kuɗin da wakilai ke bayarwa, da neman wurin taro, duk a wuyansu suke. Ba su da gidan rediyo, ba su da motocin yawon kamfe. Jarinsu shi ne zumuncin makaranta, da gidan waya, da jirgin ƙasa, da shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Muƙamin ma'aji kuwa ba a ba mutum shi sai an yarda da amanarsa, domin ƙungiyar da kuɗinta ya sami baki biyu ba ta daɗewa. Ba shi da daɗin suna kamar na shugaba, amma da shi ake gane wanda jama'a suka natsu da shi.

Akwai kuma haɗari. Dokar aikin gwamnati ta hana ma'aikaci shiga siyasa, ma'aikacin En'e kuwa abincinsa yana hannun sarki. Razdan ko sarki in ya ga dama yana iya kashe reshe da kalma guda. Saboda haka shugabannin suka dage cewa tasu ƙungiyar al'adu ce da wayar da kai, suka kuma bayyana a fili cewa ba su zo don ƙwace ikon sarakuna ba, sun zo ne su taimake su wajen ilmantar da talakawa. Wannan lafazi shi ya sama wa ƙungiyar izinin rayuwa, kuma ya dace da ra'ayin da Imam ya daɗe a kai.

Rabuwar Hanya

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma a wannan karon zaman bai sa kowa ya ɗauki launin ɗan'uwansa ba. Masu zafin ra'ayi, musamman na reshen Kano, suna ganin ba yadda za a yaƙi zalunci ba tare da an ambaci azzalumi ba. Ran 8 ga Agusta 1950 suka kafa NEPU a Kano. A taron Jos na watan Disamba 1950 suka matsa lamba a mai da ƙungiyar jam'iyyar siyasa mai neman sauyi na gaske, masu sassaucin ra'ayi suka ƙi, aka rabu. Aminu Kano ya bi NEPU har ya zama shugabanta, Sa'adu Zungur ma can ya karkata. Imam ya tsaya inda yake.

Zaɓen 1951, ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Macpherson, shi ya sauya kome. Zaɓe ne mai hawa-hawa, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, ko da yake ba ta sami kujera ba a ƙarshe. Wannan ya farkar da sarakuna da Turawa, suka ga ashe ƙungiyar da suke yi wa kallon hadarin kaji ita ce garkuwar da suke bukata. Ran 1 ga Oktoba 1951 aka shelanta cewa Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka shigo. Dokta Dikko, da yake ma'aikacin gwamnati ne, dole ya sauka. Shi kuwa Imam an zaɓe shi ɗan Majalisar Dokoki ta Jihar Arewa, daga can kuma aka tura shi Majalisar Wakilai ta Ikko.

Daga wannan lokaci kamannin jam'iyyar suka canja. A 1954 Sardauna ya zama shugabanta kuma Firimiyan Jihar Arewa. A garuruwa da yawa hakimai da dagatai da manyan ma'aikatan En'e suka zama su ne ginshiƙin reshe, wanda a da sai an lallashe shi ya shigo, yanzu umurni ya ishe shi. 'Yan NEPU da dama sun sha ɗauri a kotunan alƙalai, a Kano kuma har aka sami gungun 'yan daba da ake kira 'Yan Mahaukata masu far wa 'yan adawa. Imam bai daɗe a fagen ba. A tsakiyar shekarun 1950 ya bar siyasar jam'iyya ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, wadda daga baya ya shugabanta, inda ya yi aikin cika ma'aikatu da 'yan Arewa, abin da ya dame shi tun tafiyar Ingila. NPC ta ci gaba da mulki har juyin mulkin Janairu 1966, bayansa sojoji suka soke jam'iyyu duka. Imam ya rasu ran 19 ga Yuni 1981. Allah ya ji ƙansa.

Kammalawa

In aka auna aikin Imam da abokansa da ma'aunin abokan gaban nan uku, za a ga sakamakon bai zo daidai ba. A kan jahilci an yi abin a zo a gani, domin gwamnatin NPC ta gudanar da shirin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta buga littattafan Hausa masu yawa, aka kuma buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A kan zalunci kuwa tafiyar ta yi nauyi, saboda waɗanda ake kuka da su sun zama su ne masu riƙe da rassan jam'iyyar. Lalamar da ta ceci ƙungiyar tana jaririya ita ce ta buɗe ƙofa masu iko suka gaje ta da ta girma.

Duk da haka kuskure ne a ɗauki sassaucin Imam a matsayin tsoro. Mutumin da ya ƙi bin Azikiwe a Landan, ya kuma zayyana wa Lugga laifofin tsarinsa, ya san abin da yake so, ya kuma biya da lokacinsa da ƙarfinsa ba tare da jiran lada ba. Darasin da rayuwarsa ta bar wa mai sha'awar aikin jama'a shi ne, kafa ƙungiya da gumi abu ne guda, tsare manufarta bayan ta yi ƙarfi kuma wani abu ne dabam, kuma na biyun ya fi wuya. Ya rage ga manazarta, musamman mu ɗaliban Hausa, mu koma ga tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo mu karanta sharhunansa da irin natsuwar da muke karanta ƙagaggun labaransa, domin a can ne za a ga yadda harshen Hausa ya fara ɗaukar nauyin siyasar zamani.