Wilhelm Hofmeister, Mai Sayar da Littattafai da Ya Zama Shaihin Malami

An haifi Wilhelm Hofmeister a birnin Leipzig na ƙasar Jamus a shekarar 1824. Mahaifinsa mai buga littattafan kiɗa ne yana sayarwa. Yana ɗan shekara 15 ya bar makaranta, aka kai shi koyon aiki a wani kantin littattafai. Bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba.

Duk da haka bai saki karatu ba. Kullum da asuba yakan tashi ya duƙufa kan madubin ƙara girman abubuwa yana duba tsirrai, gari ya waye ya tafi kanti. Ga shi kuwa idanunsa ba sa gani nesa.

A cikin abubuwan da ya bincika har da wani tsiro da ake kira fan, mai son inuwa da laima. Wannan tsiro ba ya fure, ba ya 'ya'ya. A bayan ganyensa akwai ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, cike da ƙwayoyi kamar ƙura. Idan ƙwaya ta faɗi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ta fid da ɗan koren faifai wanda bai wuce farce ba. A jikinsa ake samun ƙwayar namiji da ta mace. Ta namijin takan yi iyo cikin ruwa ta iske ta macen, daga nan babban tsiron ya fito. Ashe rayuwarsa hawa biyu ce, wannan ya haifi wancan.

Wasu masana sun riga shi ganin wani sashe na wannan al'amari. Amma shi ne ya nuna, cikin littafinsa na 1851, cewa gansakuka da fan da manyan itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura duk hanya ɗaya suke bi. Wannan ya tabbatar da dangantakarsu, ya kuma gyara yadda ake kasa tsirrai gida-gida. Har yau masana suna duba siffar ƙwayoyin nan, ko tsaga ɗaya gare su ko mai reshe uku, don gane dangin tsiro.

A 1863 Jami'ar Heidelberg ta naɗa shi farfesa, a 1872 ya koma Tübingen. Matarsa ta farko da yawancin 'ya'yansa sun riga shi mutuwa. Ya rasu a 1877.

To 'yan'uwana ɗalibai, mu da muke da malamai da ɗakin gwaje-gwaje, wane uzuri gare mu?