Terry Sawchuk: golan da inuwar ɗan benci ta bi har kabari

Matashin da ke cika gidan kallon ƙwallo a Tudun Wada, Zariya, ya san darajar gola na biyu a ranar da na farko ya ji rauni. Ba lalle ya san cewa a ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wadda Kanada da Amurka ke ji da ita, an yi zamanin da babu wannan gurbi kwata-kwata ba. Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi 6 ne kacal a gasar NHL, kuma shekaru da dama kowacce gola ɗaya take fita da shi. Wanda ke jiran gado yana can a ƙaramar gasa, ana ajiye shi kamar bulala a bayan ƙofa. Rayuwar Terry Sawchuk ta nuna yadda masu kulob suka yi amfani da bulalar.

An haife shi a Winnipeg ta Kanada ranar 28 ga Disamba 1929, ɗan wani maƙerin kwano da ya yi ƙaura daga Yukren. Yayansa, wanda shi ma gola ne, ya rasu yana ɗan shekara 17 sakamakon ciwon zuciya, sai Terry ya gaji kayan wasansa. Yana da shekara 12 ya ji mummunan rauni a gwiwar hannun dama, ya ɓoye wa iyayensa. Hannun ya warke a karkace, ya fi na hagu gajarta har ƙarshen ransa. Ɓoye ciwo ya zame masa ɗabi'a, kuma sana'ar da ya shiga ta ƙarfafa masa ita.

Shi kansa ta ƙofar benci ya shigo. A farkon 1950 golan Detroit Red Wings, Harry Lumley, ya ji rauni, aka kira Sawchuk ya tsare wasanni 7. Lumley ya dawo ya ci wa Detroit Kofin Stanley a shekarar, amma manajan ƙungiyar, Jack Adams, ya riga ya ga abin da ya gani. Bayan 'yan watanni ya cefanar da Lumley ga Chicago.

Shekaru biyar da suka biyo baya su ne ganiyarsa. Yakan duƙa sosai a bakin raga domin ya hango faifan robar ta tsakanin ƙafafun 'yan wasa, fuskarsa a buɗe, babu abin kariya. A zagayen cin kofi na 1952 Detroit ta lashe wasanni 8 a jere; sau 5 kawai aka ci shi, kuma a wasanni 4 babu abin da ya wuce shi. Ya sake ɗaukar kofin a 1954 da 1955. Sakayyarsa ta zo a watan Yuni na 1955: Adams ya tura shi Boston, saboda wani matashi mai suna Glenn Hall ya nuna a ƙaramar gasa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Boston ba ta karɓe shi ba. Ciwo ya kwantar da shi, ya koma wasa bai gama murmurewa ba, sannan a Janairun 1957 ya ajiye sanda, jaridu suka yi masa ca da zargin ragwanci. A wannan shekarar ce tsohon kyaftin ɗin Detroit, Ted Lindsay, ya jagoranci yunƙurin kafa ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa. Adams ya haɗa shi da Hall ya aika Chicago, ya dawo da Sawchuk ta hanyar ba Boston Johnny Bucyk, wanda ya yi mata kaka 21. A tsarin wancan lokaci ɗan wasa ba shi da ta cewa kan inda za a kai shi, kuma wanda ya ce ba shi da lafiya ya san akwai mai jira. Shi ya sa Sawchuk ya riƙa shiga fili da raunukan da ya kamata su kai shi asibiti. Sai a 1962 ya fara sanya abin rufe fuska, bayan ɗinki ɗaruruwa.

A 1964 wani sabon jini, Roger Crozier, ya taso, Detroit ta sake sakin Sawchuk, Toronto Maple Leafs ta ɗauke shi. A nan ne labarin ya juya. Kociya Punch Imlach ya raba aikin tsakaninsa da Johnny Bower, wanda ke dab da cika shekara 40. A kakar 1964-65 Toronto ce aka fi ƙarancin ci, kuma bisa ƙa'ida kyautar Vezina ta wanda ya fi yawan wasanni ce, wato Sawchuk. Ya ƙi karɓa sai an rubuta sunan Bower tare da nasa, hukumar gasar ta sassauta. Mutumin da gola na biyu ya kora sau biyu ne ya tsaya wa haƙƙin abokin rabonsa, kuma wannan, a ganina, ya fi kofunansa nauyi. Daga kakar da ta biyo baya aka wajabta wa kowace ƙungiya fita da gola biyu.

Amfanin tsarin ya bayyana a wasan ƙarshe na 1967 da Montreal. Bower ya ji rauni yana motsa jiki kafin wasa na huɗu, Sawchuk ya karɓa, ya sha kashi a ranar, sannan ya rufe ƙofa a wasanni biyu na gaba. Ranar 2 ga Mayu Toronto ta ci 3-1 ta ɗauki kofin. Har yau ba ta sake ba. 'Yan Najeriya sun ga irin wannan a 1980, lokacin da Best Ogedegbe ya fito daga inuwar Emmanuel Okala ya tsare ragar Green Eagles har kofin Afirka a Legas.

Bayan wata guda Toronto ma ta sake shi. Ya yi shekara a Los Angeles, ya koma Detroit karo na uku, sannan a 1969 ya isa New York Rangers a matsayin mai jiran Ed Giacomin, inda ya buga wasanni 8. A lokacin baƙin ciki da shan giya sun cinye shi, matarsa, wadda ta sha azabarsa tsawon shekaru, ta rabu da shi, ga 'ya'ya bakwai. A ƙarshen Afrilun 1970 rigima ta haɗa shi da Ron Stewart, abokin wasansa da suke haya tare, ya faɗi ya ji ciwo a ciki. Ya rasu ranar 31 ga Mayu 1970 yana da shekara 40, masu taimaka wa alƙali suka yanke cewa tsautsayi ne. Ya bar tarihin wasanni 103 da ba a ci shi ba, wanda ya tsaya har Disamban 2009, lokacin da Martin Brodeur ya wuce shi.