Walt Disney: Mai Zanen da Ya Ci Bashi Ya Gina Disneyland

An haifi Walt Disney a birnin Chicago na Amurka a 1901, ya kuma yi suna da Mickey Mouse. Da ya ƙudurci gina wurin shaƙatawa a Anaheim ta jihar Kalifoniya, masu kuɗi suka ja baya, har ya ci bashi a kan inshorar rayuwarsa kafin gidan talabijin na ABC ya zuba jari.

Dala miliyan 17 aikin ya ci. Aka buɗe Disneyland a Yulin 1955, kuɗin shiga dala 1 kacal ga babba, cikin makonni 7 maziyarta suka kai miliyan 1.

Ya rasu a 1966, bai ga buɗe na Florida ba. A 2024, sashen kamfaninsa da ya ƙunshi wuraren shaƙatawa ya tara sama da dala biliyan 34.