Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa

Masu saurarenmu na Droum da ƴan uwa da ke ƙetare, duk wanda ya shiga Birnin Damagaram ya ga ragowar tsohuwar ganuwa tsakanin duwatsu, to aikin Sarki Tanimun ɗan Sulaiman ne ya gani.

Bai samu sarautar da sauƙi ba. Shekaru ya yi yana ja-in-ja da ɗan'uwansa Ibrahim, ya hau, aka tuɓe shi, ya sake dawowa. Daga nan ya riƙe ta fiye da shekara 30, har rasuwarsa a 1884.

Lokacin Damagaram tana ƙarƙashin Borno, tana kai gaisuwa Kukawa. Tanimun bai so zaman haka ba. Ya sayo bindigogi ta hanyar Tarabulus, maƙeransa suka ƙera igwa nan gida, ya murƙushe Mirriya da Muniyo. Ayarin Abzinawa na sauka Zango, dukiya na shigowa. Amma mu faɗi gaskiya, cikin dukiyar nan akwai kuɗin bayi, kuma talakawan ƙauye sun ɗanɗana kuɗarsu.

Ganuwar da ya gina ta jar ƙasa ce, tubali kan tubali, mai ƙofofi da ake rufewa da dare. Fadar kuwa har gobe sarki na zaune cikinta. A 2006 Nijar ta miƙa sunan Birni da fadar ga UNESCO.

Ganuwar dai damina na cin ta kowace shekara. Mu ma nan Droum, siminti da kwano sun fara ture soron ƙasa, kuma maginan da suka iya ɗaurin azara da zanen bango tsufa na kama su.