Artur Ash, Gwanin Tanis

Tanis wasa ne na mutum biyu ko huɗu. Ana yin sa a fili mai tsawon mita kusan 24, da raga a tsakiya. Kowane ɗan wasa yana riƙe da abin bugu mai kama da rariya, ana ce da shi raket. A Gidigir yara sun fi sanin langa da kokowa, amma a wasu ƙasashe tanis sana'a ce babba.

An haifi Artur Ash ranar 10 ga watan Yuli 1943 a garin Ricmon, cikin ƙasar Amurka. Baƙin mutum ne, kakanninsa daga Afirka aka kwashe su aka kai su bauta. Yana da shekara shida uwarsa ta rasu. Ubansa mai gadin wani filin wasanni ne na baƙar fata, gidansu ma a cikin filin yake. A zamanin nan doka ta raba fari da baƙi a garin: makaranta dabam, filin wasa dabam.

Artur yaro ne siriri, ba shi da jiki. Ubansa ya hana shi wasannin ture-ture, sai ya kama tanis yana da shekara bakwai. Da ya kai shekara goma aka kai shi wurin wani likita baƙi mai suna Jonson, wanda yake tara yara a gidansa lokacin hutu yana koya musu wasan. Likitan nan yana da doka mai wuya. In ƙwallon abokin wasa ya faɗi daf da layi, ba a tabbata ciki yake ko waje ba, to a bar masa. Ban da faɗa, ban da gardama da alƙali. Ya san in yaro baƙi ya ɗaga murya sau ɗaya, za a sami dalilin korar su duka. Dokar ba ta yi wa yaran adalci ba, amma ita ta buɗe musu ƙofa. Ash ya riƙe ta har ƙarshen ransa.

A 1963 ya zama baƙi na farko da ya shiga cikin ƴan wasan Amurka na gasar Kofin Debis, wadda ƙasashe suke yi tsakaninsu. Ya ci babbar gasar Amurka a 1968, ya ci ta Ostiraliya a 1970.

Wasansa da aka fi tunawa shi ne na Wimbildon, a Ingila, a 1975. Abokin karawarsa Jimi Konas saurayi ne mai shekara 22, mai bugu kamar tsawa, shi kuwa Ash ya kusa 32. Kusan kowa ya ce Konas zai ci. Ash ya lura in aka buga wa Konas da ƙarfi, da ƙarfi yake mayarwa. Sai ya dinga aika masa ƙwallo a hankali, ƙasa-ƙasa, can gefe. Konas ya rikice, Ash ya ɗauki kofi. Har yau babu wani namiji baƙi da ya sake cin wannan gasa shi kaɗai.

Ash ya zo Afirka sau da yawa. A 1971, a Yawunde ta Kamaru, ya yi wasa da wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya. Ya ga yaron yana da hannu. Ya ba shi raket, ya kuma yi magana da shugaban ƴan tanis na Faransa, aka ɗauki yaron aka horar da shi a can. Sunansa Yanik Nowa. A 1983 ya ci babbar gasar Faris.

A watan Fabrairu 1976 Ash yana Legas aka kashe shugaban Nijeriya, Janar Murtala Muhammadu, mutumin Kano. Bayan kwana uku, ana tsakiyar wasa, sojoji suka shigo fili. Wani ya dafa masa bakin bindiga a baya, suka kore shi waje. Ya fita hannuwansa a sama, bai ce uffan ba.

Ciwon zuciya ya kama shi a 1979, ya bar wasa a 1980. Daga 1981 zuwa 1985 shi ne ya shugabanci ƴan wasan Amurka a Kofin Debis. Aikin nan ya ba shi wuya. Gwaninsu, Jon Makinro, mai zafin rai ne, yana zagin alƙalai, yana jifa da raket. Ash kuwa sai ya zauna shiru a kujerarsa. Waɗansu suka ce ya cika sanyi. Duk da haka sun ci kofin a 1981 da 1982.

A 1983 aka yi masa aikin zuciya na biyu, aka ƙara masa jini. Ashe jinin yana ɗauke da ƙwayar cutar sida, don a lokacin ba a fara auna jini don gano wannan ƙwayar kafin a ba mutum ba. Ya bayyana wa duniya a 1992, ya shiga yawo yana yi wa mutane bayanin cutar. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairu 1993 yana da shekara 49. A 1997 aka buɗe babban filin tanis na birnin Niyok, aka sa masa sunansa.